Tela a Fadamar Baba Audi

Harisu tela ne, shagonsa na bakin kasuwar Ƙanƙara, kuma duk abokansa sun san ba ya shiga ruwan da ya wuce idon sawu. Yana ƙaramin yaro ya zame cikin kududdufin bayan gidansu, ya sha ruwa har ya daina motsi, sai da wani mai yin tubali ya finciko shi ta wuyan riga. Tun daga ranar, in damina ta yi ƙarfi lambatu ya cika, gara ya zagaye unguwa guda da ya tsallaka.

Sai ga shi Allah ya haɗa shi da macen da rabin rayuwarta a cikin taɓo take. Hamida malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, tana kuma karatun digiri na biyu a Zariya, bincikenta a kan fadama. Ta sha yi masa bayani suna cin tuwo: ganye da ciyawa in sun nutse suka ruɓe a ƙasan ruwa, inda iska ba ta kaiwa, sukan fitar da wani gas da ake kira metan, ɗan'uwan wanda ake girki da shi. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa, amma in ya hau sama yana riƙe zafin rana. An auna shi da yawa a ƙasashen sanyi, in ji ta, amma a fadamu irin namu yawanci kintace ake yi. Ita so take ta daina kintacen, ko da a fadama ɗaya ce.

Da farko ta so ta haɗa da wata fadama a Daudawa da wata a wajen Sabuwa, amma hanyoyin ba su da tabbas a shekarun nan, sai ta tsaya a kan ta Baba Audi da ke gefen Mabai. Baba Audi aminin marigayi mahaifinta ne, shi ya ba ta kusurwa ɗaya ya ce ta yi abin da take so. Can take kifa rabin durom na roba a kan ruwa, bakinsa zaune cikin wani zobe da ta kafa a laka, ta bar gas ya taru, tana zuƙa da sirinji ta wani siririn bututu tana ɗurawa a 'yan kwalabe. Kwalaben a jera su cikin kula, a ba direba ya kai ɗakin gwaji. Ta yi awon rani, ta yi na bazara. Saura na tsakiyar damina, wanda ta ce shi ne zuciyar aikin.

Damina ta kankama daidai lokacin da cikinta na fari ya tsufa. Ranar da suka je awo, nas ta danna mata ƙafa, yatsa ya bar gurbi. Ta auna jini, ta sake aunawa, sannan ta dubi Harisu.

"Malam, jininta ya hau. Ba tsayuwa mai tsawo, ba sunkuyo. Zancen shiga ruwa kuwa kada ma in ji shi."

Suka dawo gida. Da la'asar Harisu ya sami Hamida a tsakar gida tana goge 'yan kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kwalaben da ba su da datti. Ya tsuguna kusa da ita.

"In kin bari sai baɗi fa?"

"Sai baɗi ɗin, Maigida. In an yarda an ƙara mini shekara." Ta share ido da bayan hannu. "Wadda take taimaka mini an mayar da ita Katsina. 'Yan ɗakin gwaji kuwa ba mai yarda ya biyo hanyar nan."

Ya daɗe yana kallon sirinjin da ke cikin tire. Bai san lokacin da maganar ta fito masa ba.

"To ni zan shiga."

Ta ɗago ta dube shi, ta ga da gaske yake, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta dariya tana riƙe ciki har hawayen ɗazu suka gauraye da na yanzu.

"Kai? Kai da kake ɗage wando in an zubar da ruwan wanki?"

"Ki koya mini dai, Malama."

Daga ranar ya laƙaba mata Malama in suna kan aikin. Suka cika babban baho da ruwa a tsakar gida, ya kifa durom, ya koyi yadda ake jan sirinji a hankali, a mayar, a sake ja, kafin a soka allura a murfin kwalba. Hannunsa ya saba da allura, wannan bai ba shi wahala ba. Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi, tana zaune a kan tabarma tana tsince wake tana kallonsu.

"Wai mi kuke kamawa cikin kwalba?"

"Iskar fadama, Goggo," in ji Hamida.

Goggo ta ajiye faifai. "Iskar fadama? La'ilaha illallahu! Mutane na gudun iskokin fadama, ku kuna ɗuro su kuna kawo mini gida? Da tsohon ciki?"

Sai da Hamida ta kai ta gaban tukunyar gas, ta murɗa ta kunna, ta ce irin wannan ne, sannan Goggo ta ɗan sauko. Duk da haka ta ce kada a kwana da kular a ɗaki, a bar ta a zaure.

Harisu ya sayo tamfol ya ɗinka wa kansa wando mai haɗe da safa, saboda matsattsaku. Ya ɗinka riga mai aljifai jere a ƙirji, kowace kwalba da nata. Ya roƙi abokinsa Ɗanliti mai keke napep ya riƙa kai su, da sharaɗin zai bi ramukan hanya kamar yana ɗauke da ƙwai.

Safiyar farko da suka isa, fadamar ta cika fal. Bado ya shimfiɗu a kan ruwa, balbelu na bin shanun da ke kiwo a tsallake, shinkafar Baba Audi ta yi kore shar. Tsohon ya shimfiɗa wa Hamida tabarma a inuwar ɗinya, ya dubi Harisu cikin wandon tamfol daga sama har ƙasa.

"Ɗiyata, wanga ne mai shiga?"

"Shi ne, Baba."

"To, Allah shi ba da sa'a," ya ce, yana gyara murya don kada ya yi dariya.

Akwai katakai da Hamida ta jera tun rani don a taka zuwa wurin zobban, amma ruwa ya shanye su, sai an laluba da ƙafa. Harisu ya yi bisimilla ya saka ƙafar dama. Sanyi ya ratsa tamfol. Ruwa ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Ya ji ƙirjinsa ya matse, kunnuwansa suka ɗauki wani irin ƙugi da ya sani tun yana yaro. Ya daure ya kai wurin zobe, ya kifa durom. Yana juyowa ƙafarsa ta goce daga kan katako ta lume cikin laka. Ya yi ta tattaka yana neman wurin tsayawa, ya rungume durom ɗin da hannu biyu, kumfa na ta ɓulɓulowa kewaye da shi.

"Maigida!" Hamida ta miƙe tsaye, abin da aka hana ta. "Dube ni. Kada ka dubi ruwan, dube ni. Iyakarsa cinya. Ɗaga ƙafar a hankali."

Ya dube ta. Ta dafa itacen da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin ciki, mayafinta ya zame. Ya ja numfashi, ya zaro ƙafar, ya hau katako. Da ya ga ya tsaya, sai ƙarfin hali ya zo masa, ya zaro sirinji ya cika kwalaben duka kamar yadda aka koya masa. Ya fito yana murmushi, ya miƙa mata su.

Ta karɓa, ta juya ɗaya a hannu. Ya ga tana neman ta inda za ta fara.

"Sannu, wallahi ka yi ƙoƙari. Amma waɗannan ba za su yi ba."

"Me ya same su?"

"Kumfar da ka gani, gas ne da ya daɗe a maƙale cikin laka. Da ka tattaka, ka kore shi duka ya shiga durom. In na aika da su za a ce fadamar Baba ta fi ta kowa laifi a duniya." Ta sassauta murya. "Mu tafi gida. Ya isa haka yau."

Harisu ya zauna a kan saiwar itacen, ya rasa abin da ke masa ciwo, tsoron ne ko kunyar. Baba Audi ya miƙo masa ruwa a ƙwarya, sannan ya juya wajen Hamida, fuskarsa ba wasa.

"Ɗiyata, na ji kin ce laifi. Faɗa mini gaskiya. In takardarki ta fita, ba za a zo a ce mu bar noman shinkafa ba? Ko a janye ruwan? Wagga fadama ita ta ciyar da mu shekarar da muka kasa zuwa gonakin daji."

Hamida ta dube shi. "Baba, ban san abin da awon zai nuna ba, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Abin da na sani, fadama tana fitar da gas ɗin nan tun kafin a haifi kakanninmu, kuma tana ɓoye wani a cikin lakarta. In ba mu auna ba, wani zai zauna a nesa ya rubuta mana abin da ya ga dama. Gara a ce ga nata daidai, ba ƙari ba ragi."

Tsohon ya jinjina kai, bai ce ya gamsu ba, bai ce bai gamsu ba. Harisu ya dubi matarsa, ya ga gumi a goshinta da ƙafafun da suka kumbura cikin silifas. Ya miƙe.

"Akwai wani zoben da ban taɓa ba ko?"

"Akwai, can gefen kacalla. Amma Maigida..."

"Zauna, Malama. Ki yi ta yi mini magana kawai."

Ta zauna ta yi ta yi masa magana. Ta ba shi labarin wata ɗalibarta da ta ce kwaɗi daga sama suke faɗowa da ruwa, ta tambaye shi kalar zanen goyon da za su saya, ta ce tana jin ƙwaɗayin rake. Shi kuwa yana jan ƙafa a kan katako kamar mai tsoron tada barcin jariri. Ya kifa durom ba tare da ruwan ya motsa ba. In lokacin zuƙa ya yi sai ta ɗaga hannu. Ranar suka koma gida da kwalabe masu kyau, da sandar rake da Baba Audi ya sare mata.

Haka suka riƙa zuwa duk mako. Ba za a ce tsoron ya bar shi ba. Duk lokacin da ruwa ya taɓa gwiwarsa sai ƙirjin ya matse. Sai dai ya koyi jira har ya sake shi. Ya fara ganin abubuwan da bai taɓa kula da su ba: yadda ƙananan kumfa ke tasowa da kansu in rana ta yi zafi, yadda zalɓe ke tsayawa kusa da shi in ya daɗe bai motsa ba. A kasuwa aka fara ce masa telan fadama. Wani mai kawo ɗinki ya ce kaftaninsa na warin taɓo, Harisu ya ce ai kyauta ya ƙara masa.

Ana cikin haka jinin Hamida ya ƙi sauka, aka ba ta gado a asibiti. Saura zuwa biyu aikin damina ya kammala. Ya ce a bari, ta ce a'a.

"Ka iya. Ka fi ni natsuwar hannu ma. Baba zai riƙe maka waya ya duba lokaci. Likita ya ce da sauran kwanaki kafin haihuwar."

Ya bar ta da Goggo, ya hau babur shi kaɗai da kula a ɗaure a baya. Gari ya yi luf, hadari na haɗuwa a gabas. Fadamar ta yi masa faɗi ba muryarta. Ya shiga yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, ya kifa durom, ya cika kwalbar farko, ya cika ta biyu. Yana tsaye yana jiran Baba Audi ya ɗaga hannu, sai ya ji wayar na ƙara a bakin ruwa. Tsohon ya kara a kunne, ya saurara, ya sauke ta a hankali.

"Harisu, Goggonka ce. Ta ce naƙuda ta taso, an shiga da ita ɗakin haihuwa. Ta ce likita na nemanka."

Harisu ya dubi durom, ya dubi kwalaben da suka rage a aljihunsa. Abin da ya saura bai fi a sha shayi a tashi ba. Ya san abin da wannan makon yake a wurinta. Ya san in ya tafi yanzu, waɗanda ya cika ma sun tashi a banza. Sirinjin ya faɗi daga hannunsa. Bai laluba katako ba, bai tuna da kumfa ba. Ya keta ruwan kai tsaye, yana faɗuwa yana tashi, laka har ƙirji.

"Bar kayan, ni zan kwashe!" Baba Audi ya ɗaga murya. "Tafi, Allah shi sauke ta lafiya!"

Ruwa ya kece masa a hanya. Ya isa asibiti jiƙe sharkaf, taɓo na ɗiga daga wandon tamfol. Mai shara ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga fuskarsa, ta matsa masa hanya. Likita ya ce jinin ya hau sosai, mai yiwuwa sai an yi aiki, yana bukatar yardarsa. Ya sa hannu, yatsunsa suka bar laka a takardar. Sannan ya zauna a benci kusa da Goggo. Ta cire mayafinta na sama ta yafa masa a kafaɗa, ta ci gaba da jan carbi.

Bayan la'asar nas ta leƙo ta ce an samu mace, uwa da 'ya suna lafiya, ba a kai ga yin aikin ba. Goggo ta rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane, aka yi ta ce mata Hajiya a yi haƙuri. Harisu ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa.

Sai da ya wanke jiki a famfo, ya ari riga, sannan aka bar shi ya shiga. Hamida na kwance, leɓɓanta sun bushe, jaririyar na gefenta a naɗe. Ya ɗauke ta da hannuwan da har yanzu akwai laka a ƙarƙashin farcensu, ya yi mata huɗuba a kunne. Ya daɗe yana kallon 'yan yatsunta.

"Maigida," Hamida ta ce da ƙyar, "kwalaben fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na baro su. Biyu kawai na cika. Na watsar da komai na taho."

Ta rufe ido. Ya tsaya yana jira. Sai ya ga hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne, bakinta kuma na murmushi.

"Ina ciki ina ta cewa a raina, Allah ya sa bai tsaya ba. Wallahi da ka tsaya ka cika su, da na daɗe ban yafe maka ba."

Ruwan da aka fara ranar ya ɗauki kwanaki yana zuba. Fadama ta tumbatsa ta haɗiye zobban, ba wanda ya iya kusantarsu sai bayan suna. Yarinya ta ci sunan Fatimatuzzahra. Baba Audi ya zo da kansa da ƙwaryar shinkafa da kular da ya adana a rumbunsa, ya ce ruwa ya fara ja. Washegari Harisu ya je ya yi awon ƙarshe.

Bayan an yi girbi sakamako ya iso daga Zariya. Hamida ta zauna a tsakar gida da kwamfuta a kan cinya, Harisu na tsaye a bayanta da Zahra a kafaɗa, Baba Audi da aka aika wa ya zo yana kan kujera. Ta nuna musu layin da ya kwanta a rani, ya fara hawa da saukar ruwa, ya yi tsalle a tsakiyar damina. Ta ce wurin bado da kacalla haka Allah ya yi shi, ba abin da za a taɓa. A gefen shinkafa ne take ganin in ana rage ruwa lokaci-lokaci, ƙasa ta sha iska kafin a sake cikawa, gas ɗin zai iya raguwa. Amma sai an gwada kafin ta tabbatar.

Baba Audi ya shafa gemu. "Zan ba ki fegi ɗaya baɗi. Ɗaya tak. In shinkafa ta ƙi, ke za ki yi wa iyalina bayani."

"Na yarda, Baba."

Harisu ya sunkuyo yana duban allon. Kusa da ƙololuwar layin akwai wurin da ya yanke, ya bar fili, sannan ya ci gaba.

"Nan fa? Me ya sa ya katse?"

"Makon da ba a samu awo ba ne."

Ya gane. "Malaminki bai yi faɗa ba?"

"Ya tambaya. Na ce masa mai ɗaukar awon ya tafi asibiti ganin 'yarsa. Ya ce in rubuta ba a samu ba kawai, in gaishe ka."

Zahra ta motsa, ta yi ɗan tari, ta amayo nono a kafaɗar sabuwar rigarsa. Goggo ta taso daga bakin murhu tana faɗa, wai an tsaya kallon zane an bar yarinya a sanyi, ta karɓe ta ta goya. Hamida ta rufe kwamfuta, ta miƙo masa tsumma, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko wa Baba Audi abinci.